Rasuwar Gwaggo, Na'urar da Ta Kasa Sakin Matattunta

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, sashen kanel, wato masu kula da tushen manhajar kwamfuta, na wannan ma'aikata yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta gwaji, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce, da ƙarfe uku da minti goma sha biyu na yamma, a ɗakin ƙasa, a gefen teburin da ta shekara goma sha ɗaya tana zaune. Babu kowa a kanta.

Auta ce ta fara lura. Ita ce ƙaramar injiniya a sashen, wata bakwai ke nan da ɗaukarta aiki. Kullum da safe takan ɗora kofin shayinta a bayan Gwaggo, domin ɗumin ƙarfen yana riƙe shayi har hantsi. Ranar Litinin ta ɗora kofin, ta rataye jakarta, ta zauna tana duba saƙonni. Da ta miƙa hannu ta kurɓa, sai ta ji shayin ya huce. Ta daɗe tana kallon kofin kafin ta sunkuya ta duba. Koriyar fitilar da ke gaban Gwaggo a kashe take. Sai a lokacin ta ji cewa ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ba ta taɓa ji a cikinsa ba.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. Kawu ne ya haɗa ta da hannunsa, gaɓa-gaɓa, tun sashen bai wuce mutum uku da fanka ɗaya ba. Kawu shi ne tsohon injiniyan da ke kula da ɗakin ƙasa. Idonsa ya gaji da dogon kallon allo, don haka aka bar masa na'urorin gwaji da akwatin kayan aikinsa. Sunan Gwaggo kuwa Dogo ne ya laƙa mata, injiniyan da teburinsa ke kusa da taga a sama. Ya ce gidan da ke da Kawu dole a samu Gwaggo, kuma su biyun halinsu ɗaya: ba sa tashi da wuri, amma in sun tashi ba sa ƙarya.

Na'urori shida ne a ɗakin a da. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi, gwaje-gwaje suka koma kan wasu na'urori na nesa waɗanda babu wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Gwaggo kaɗai ta rage. Manaja ya sha faɗa a taro, da murmushinsa, cewa ranar da Gwaggo ta kwanta dama ranar za a rufe ɗakin ƙasa a mayar da shi wurin taro. Bai taɓa faɗin inda za a kai Kawu ba. Kowa ya san amsar, shi ya sa ba a tambaya. Auta ma ta sani. Kuma tun kafin azahar ɗin Litinin ta san abin da ya kashe Gwaggo, ta kuma san hannun wa ya rubuta shi.

Amma ba a fara da ciwo kafin a faɗi hali.

Gwaggo mai haƙuri ce. An sumar da ita ya fi sau dubu, da gangan da kuma bisa kuskure, kowane karo ta farfaɗo ba tare da riƙe kowa a zuci ba. In aka danna maɓallinta sai ta yi shiru kamar mai tunanin ko ya dace, sannan ta ce ƙit, sau ɗaya, fankar baya ta ɗauka furrr, faifan ajiyar bayanai ya amsa da ƙarar-ƙarar-ƙarar kamar tsohuwa na gyaran murya. In ta ce ƙit sau uku, to wani abu ya sassauta a cikinta, sai Kawu ya durƙusa ya buɗe gefenta ya lallaɓa. Ba ta da sauri, kuma jinkirin nan shi ne darajarta. Kuskuren da zai ɓuya shekara guda a na'ura mai gudu, a jikin Gwaggo yakan fito fili kafin a tashi aiki, domin tana ba kowane abu lokacin da zai tona kansa. Ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba. Ta taɓa kunyata Manaja da kansa a gaban baƙi, a zamanin da yake rubuta manhaja, kuma ana kyautata zaton bai manta ba.

Aikinta na shekarun ƙarshe shi ne gwajin rukunan memori. Ga waɗanda ba na wannan sana'a ba, ga yadda Kawu ya bayyana wa Auta abin a makonta na farko, yana zaune a kan kwali, hannunsa ɗaya a bayan Gwaggo.

"Auta, kin ga kanel? Shi ne maigidan da ke can ƙasan komai a cikin na'ura, shi ke raba wa kowane aiki memori, wato wurin da zai baza kayansa. Ayyukan nan rukuni-rukuni suke, kowane rukuni da iyakar abin da zai ci, wani a ƙarƙashin wani, kamar uba da 'ya'ya da jikoki. In wuri ya ƙure, sai maigida ya bi su ɗaya-ɗaya yana cewa a rage kaya. To a wannan zagayen ake mutuwa."

"Me ya sa, Kawu?"

"Saboda kina cikin zagaye wani zai iya rushe rukunin da kike tsaye a kai. Ki ɗaga ƙafa ki taka, ki ji iska. Don haka kafin ki taɓa rukuni, ki riƙe shi. Riƙon nan lamba ce kawai, ki ƙara mata ɗaya. Muddin lambar ba ta koma sifiri ba, ko an rushe shi ba mai iya binne shi. Sai kin kama na gaba za ki saki na baya. Wanda kika tarar yana gargara, tsallake shi, ba ruwanki. In kuma kika fasa zagayen a tsakiya, ki saki na hannunki kafin ki fita. Wannan na ƙarshen shi masu ilimi suke mantawa. Marasa ilimi tsoro ke hana su fita."

Dogo yana bakin ƙofa da biskit a hannu. Ya ce, "Kawu, duk wannan wa'azin, ka ce kawai a yi sallama kafin a bar gidan mutane."

"Kai rufe mana baki. Kai da ka sumar da ita sau uku a yini ɗaya, har yanzu in ta ji takunka fankarta sauya murya take."

Auta ta rubuta dokar a bangon farko na littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ciwon ajali ya fara ne da kyakkyawar niyya. Auta ta lura cewa zagayen yana ci gaba har rukuni na ƙarshe ko da an riga an samu wurin da ake nema. Ta ga ɓata lokaci ne. Ta rubuta layi tara: da zarar an samu abin da ya isa, a fita. Shi ne gyara na farko da ya fito daga kanta, ba wanda aka ba ta ba. Ranar Juma'a da rana ta ɗauki littafinta ta je bayan kujerar Dogo don ya duba mata. Ta tarar ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, yana kallon wani abu yana dariya har kafaɗunsa na rawa. Ta tsaya. Ta gyara tsayuwa. Ta yi tari ɗan ƙarami wanda ita kanta da ƙyar ta ji. Sannan ta ce a ranta ai layi tara ne, kuma ai don haka aka yi Gwaggo, ta juya.

Da ƙarfe huɗu ta ɗora gyaran a kan marigayiyar, tare da gwajin da ke gina rukuni yana rushewa, yana ginawa yana rushewa, ba tsayawa. Da yake ita mai tsantseni ce, sai ta ƙara masa sharaɗi: in wani abu ya kashe gwajin, ya tashi da kansa ya ci gaba, don kada ƙarshen mako ya tafi a banza. Ta kashe fitila. Mai gadi ya kashe na'urar sanyaya ɗaki da ƙarfe shida, kamar kowace Juma'a.

Abin da ya biyo baya an karanta shi ne daga ƙaramar na'urar da ke haɗe da Gwaggo da waya, wadda ba ta da aikin da ya wuce rubuta duk abin da Gwaggo ta faɗa.

Layin taran sun yi aikinsu. Suna fita da wuri, kamar yadda aka umarce su. Sai dai duk fitar da suka yi, rukunin da ke hannu yana nan a riƙe. Gwajin ya zo ya rushe shi, a goge sunansa, a kwashe ayyukansa, amma lambarsa ta tsaya a ɗaya. Ba rayayye ba, ba binnanne ba. Yana kwance a inda yake, ya tare ɗan wurinsa, yana jiran hannun da ya riga ya tafi gida. Da safiyar Asabar irinsu sun kai dubu ashirin da ɗoriya. Gwaggo ba ta yi ƙorafi ba, ta matsa ta ba su wuri. Da yammacin Asabar ta fara kwashe kayan rayayyu tana kai wa faifai ajiya, tana ɗebowa, tana mayarwa, faifan da shekarunsa suka wuce na wannan ɗawainiya.

Ranar Lahadi da hantsi wuri ya ƙare ƙaf. Akwai wani sashe a kanel da ake kira in abu ya kai haka, aikinsa ya zaɓi aiki ɗaya ya kashe don saura su numfasa. Ya fito ya kashe gwajin. Gwajin ya tashi, bisa tsantsenin Auta. Ya sake kashe shi, ya sake tashi. Sai ya juya kan bayin Allah: ya kashe mai daidaita agogo, ya kashe mai buɗe wa baƙi ƙofa daga nesa, ya kashe wani ɗan aiki da Kawu ya rubuta shekara tara da suka wuce, wanda ba ya komai sai auna zafin jikinta. Duk bai samu wuri ba, domin masu tare wurin ba a kashe su, sun riga sun mutu. Adadinsu na ƙarshe da aka rubuta shi ne dubu ɗari da tara da ɗari biyu da shida. Bayan wannan layi ƙaramar na'urar ba ta sake jin komai ba.

Mai gyara ya zo Litinin da hantsi da jakarsa. Ya buɗe, ya sansana, ya juya fankar baya da yatsa ta ƙi juyawa, ya nuna wani baƙin tabo a jikin allon ciki, bai fi girman farce ba.

"Kawu, in na ce zan tashe ta na yi maka ƙarya. Faifai ya cije, fanka ta tsaya, zafi ya gama sauran. Irin allon nan ko a bola an daina samu."

"Na sani."

"To me ya sa ka kira ni?"

"Don a ce an kira."

Manaja ya sauko wajen sha ɗaya da rabi. Ya tsaya hannuwa a baya, ya yi fuskar da ta dace.

"Ashe abin da ya faru ke nan. Me ya same ta?"

Auta tana zaune a teburinta, ta kafa ido a kan allo. Ta riga ta karanta layinta tara sau biyar, ta ga gurbin na goman, tsakanin na takwas da na tara, fili fetal kamar wawulo. Ta buɗe baki.

Kawu ya ce, "Tsufa ne, ranka ya daɗe."

"Allah sarki. To Allah ya ba mu haƙuri. Ta yi ƙoƙari." Idonsa ya bi bango daga kusurwa zuwa kusurwa, leɓensa na ɗan motsi, kamar mai ƙirga kujeru. "Kawu, ka leƙo ofishina ranar Laraba da safe."

Dogo ya gwada abin da ya saba. Ya ce, "Kawu, yanzu takaba za ka shiga ko mu nemo maka wata?" Ba wanda ya yi dariya. Ya tsaya kaɗan, ya ajiye fakitin biskit ɗinsa a gefen Kawu, ya hau sama.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta so ta yi, ta ma shiga banɗaki ta jira shi, bai zo ba. Ta wanke kofinta, ta goge, ta sake wankewa. Ta amsa saƙonni bakwai. A motar komawa gida ta ga wani yana sayar da laima ta yi tunanin launukansu. A gida yayarta ta tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, wata na'ura ce ta lalace a ofis. Yayar ta ce, "To ai sai a sayi wata," ta ci gaba da ninke kaya. Da yayar ta faɗi maganar haka sai Auta ta ji ta ƙarama, kuma gaskiya ce, kuma ba ta rage komai ba.

Ranar Talata ta tari Kawu a matakala.

"Kawu."

"Na'am, Auta."

Ta kalli takalminsa. Igiyar ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

"Ina kwana."

"Ai mun gaisa, 'yata."

"Haka ne."

Ya jira. Ta matsa gefe, ya wuce.

Marigayiyar ta rasu ta bar allo guda mai shuɗin layi a tsakiya, wanda duk wanda ya yi aiki da shi ya daina ganin layin bayan mako ɗaya. Ta bar allon rubutu wanda harafi ɗaya ya ɓalle, aka liƙa masa maɓallin riga. Ta bar ƙaramar na'ura mai rubuta maganarta, wadda har yanzu a kunne take, tana sauraron waya. Ta bar gizo-gizo ɗaya a bayan akwatinta, wanda ba a san ko ya ji labari ba. Ta bar murabba'i mai tsabta a ƙarƙashinta inda ƙura ba ta taɓa sauka ba. Ta bar Dogo, wanda ta raina amma ta koya masa aiki. Ta bar Auta. Ta kuma bar Kawu, wanda ya shiga ofishin Manaja yau Laraba da ƙarfe tara ya fito da ƙarfe tara da minti takwas, da farar ambulan a hannu, aka ce za a yi masa ɗan taron godiya a ƙarshen wata.

Game da abin da ya yi ajalinta, sashen yana gyara bayanin da aka fara bayarwa. Tana da tsufa, amma ba tsufa ba ne. An fita daga zagaye ba a saki abin da ke hannu ba.

Za a fitar da gawar gobe Alhamis da ƙarfe goma na safe, ta ƙofar baya, inda motar masu kwashe tsoffin kayan lantarki za ta tsaya. Kafin nan za a cire faifan a huda shi wuri uku, kamar yadda dokar ma'aikata ta tanada. Dogo ya ce shi zai ɗauki gaba, ana neman mutum ɗaya ya kama baya, domin ta fi yadda ake zato nauyi. Ba a buƙatar jawabi. Wanda ke son yi mata alheri ya buɗe aikinsa yau, ya bi kowace ƙofar fita ɗaya bayan ɗaya, ya duba abin da ke hannunsa a lokacin da ya fita. Masu aikin fenti za su shigo ranar Litinin.

Za a karɓi gaisuwa a teburin Auta, domin Kawu ba zai samu halarta ba. Ga yadda aka yi.

Yau Laraba da la'asar ta hau sama ta buga layin nan tara a takarda, ta zagaye gurbin da jan biro, ta sauka. Ta sami Kawu a durƙushe yana naɗe wayoyi, kowace ya ɗaure ta da zare ya jera a kwali. Ba ta gaishe shi ba, don ta san in ta fara da gaisuwa a nan za ta tsaya.

"Kawu, ba tsufa ba ne. Ni ce." Muryarta ta fito a shimfiɗe, kamar mai karanta lambar waya. "Na fita ban saki ba. Ka faɗa mini, na rubuta, na ja layi. Zan je in gaya wa Manaja, wataƙila in ya san kuskurena ne, ba ɗakin ba..."

Ya dafa teburi ya miƙe a hankali. Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta har ƙasa. Sannan ya sa yatsu biyu a aljihun gaban rigarsa ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninki. Ya warware ta a kan teburin, ya shafe ta da tafin hannu, ya ɗora a kan tata.

Layin nan tara ne. A ƙasan shafin injin bugu ya sa rana da lokaci: Litinin, ƙarfe tara da minti arba'in na safe, tun kafin mai gyara ya iso, tun kafin Manaja ya sauko ya yi tambaya. Tsakanin layi na takwas da na tara, da fensir, da ƙananan haruffansa masu karkata, ya rubuta na goman.

Ta tsaya tana kallon rubutun. Ta ji ya rufe akwatin kayan aikinsa, ƙas, ƙas. Ya zare mabuɗin ɗakin daga zobensa, abin ya ɗan ba shi wuya saboda farcensa gajere ne, ya ajiye shi a gefen takardun. Ya ɗauki hularsa daga kan ƙusa. A bakin ƙofa ya kai hannu ga makunnin fitila bisa sabo, sai ya tuna akwai mutum a ciki, ya sauke hannun.

Ya hau matakala.